Filin Tambaya da Amsa: Yaya, sau tara ina fara Baldur's Gate amma har yau ban cinye shi ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Watan jiya na ɗan ambaci wani tsohon gem na kwamfuta, Baldur's Gate, a layi biyu kacal fa, ashe na tsokano tsuliyar dodo, saƙonni suka yi ta shigowa kamar dama jira ake yi. Toh wannan watan gaba ɗaya nasa ne. Masu tambayar waya mai cin batir da masu laftof mai zafi ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Sannan in kana cikin buga shi kuma ba ka son a tona maka ƙarshen labari, ka tsallake amsa ta biyu da ta ƙarshe, na dai faɗa maka.

Tambaya: Yaya barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, wallahi wannan gem ɗin ya zame min ƙarfen ƙafa, sau tara ina fara shi, duk lokacin da na kai ramin haƙar ƙarfe na Nashkel ko na ɗan wuce kaɗan sai in ji kamar ban zaɓi akta mai kyau ba, sai in goge in koma farko, na yi mayaƙi na yi ɓarawo na yi mai sihiri na yi mai baka, yanzu har na haddace maganar farko ta Gorion, dattijon nan da ya reni aktan. Wane akta ne ya fi kowanne in ɗauka in huta?

Amsa: Ƙanena, kafin in ba ka amsa bari in faɗa maka ba kai kaɗai ba ne, wannan ciwon na yi shi kuma na san zafinsa. Akwai daren da na zauna a shafin haɗa akta ina ta danna maɓallin sake jefa lambobi, ka san wurin nan da gem ke ba ka ƙarfi da wayo da saurin jiki da sauransu, ina neman jimla ta haura 90, na fi awa ɗaya ina danna maus, shayina har ya yi sanyi ya yi fata a sama, sai ga 93 ta fito, amma yatsana ya riga ya saba da kiɗan, kafin ƙwaƙwalwa ta ce tsaya na sake dannawa ta wuce. Na daɗe ina kallon silin. Daga ƙarshe aktan da na cinye gem ɗin da shi jimlarsa ba ta kai nan ba ko kusa, wani mayaƙi ne mai taurin kai wanda na haɗa cikin minti biyar don haushi.

Abin da nake so ka gane, matsalarka ba akta ba ce. Farkon gem ɗin ne aka gina shi da wahala, kowa ka ɗauka sai ya sha wuya. Kamfanin BioWare na garin Edmonton a Kanada ne suka yi shi, ya fito ƙarshen 1998 a kan faifan CD har guda 5, kuma abin mamaki waɗanda suka kafa kamfanin likitoci ne. Dokokin da suka ɗora shi a kai na wani wasan tebur ne, Dungeons & Dragons bugu na biyu, wanda ake yi da takarda da fensir da ɗan lido, sai dai nasu ɗan lidon fuska 20 gare shi. Duk saran da aktanka ya kai, a ɓoye kwamfuta ɗan lidon nan take jefawa. Wannan abin da kake gani an rubuta THAC0, lissafinsa shi ne ka cire lambar sulken abokin gaba daga lambar THAC0 ɗinka, misali taka 18 tasa 5, toh sai ɗan lido ya ba ka 13 ko sama kafin takobinka ya taɓa shi. Shi ya sa a nan ƙaramar lamba ta fi babba, sulken da ya kai ka 0 ya fi wanda ya bar ka a 6, wanda ya kai ka ƙasa da sifili kuwa ai sai hamdala. A lebul na ɗaya kusan rabin saranka iska yake sara, mai sihiri kuma jininsa 4 ne ko 6 in ya yi sa'a, kerkeci ɗaya a hanya ya ishe shi. Kai kuma da ka ga haka sai ka ce akta ne ba shi da kyau, ka goge, ka koma ka sake shan wahalar da ka riga ka sha, daidai lokacin da daɗin zai fara.

Don daɗin yana gaba. Babi 7 ne gem ɗin ban da gabatarwa, Nashkel babi na 2 ne kawai. Bayan shi akwai sansanin 'yan fashi, akwai dajin Cloakwood da gizo-gizonsa masu dafi, kuma shi kansa birnin Baldur's Gate da gem ɗin ya ci sunansa ba za a bar ka ka haye gadarsa ba sai a babi na 5. Wato sau tara kana zuwa gidan biki kana juyawa daga zaure.

In dai sai na zaɓa maka, ɗauki mayaƙi ka ba shi baka. A wannan gem ɗin kibiya ita ce sarauniya, mutum shida kake iya tarawa a ƙungiya, in huɗu ko biyar suna harbi daga nesa yawancin abokan gaba ba sa ƙarasowa. Imoen, yarinyar da kuka taso tare, ka riƙe ta don neman tarko da buɗe kwaɗo, Khalid da Jaheira suna jiranka a masaukin Friendly Arm, Minsc yana Nashkel da ɗan ɓeransa Boo, amma in ka ɗauke shi ka yi sauri ka je ka ceto masa Dynaheir a sansanin mutanen nan masu kan kura, in ka yi ta ja masa rai zai juyo kanka. Ka nemi sihirin saka barci, a farkon gem ba abin da ya kai shi, taron 'yan iska guda sai ka ga sun zube kamar an yi musu turare. Dogon maɓallin kibod ɗin nan na ƙasa shi ke tsayar da faɗa ka ba kowa umarni, ka danna shi sau ɗari a faɗa ɗaya ba kunya ba ce, haka aka yi gem ɗin a buga. Harafin Q kuma sebin ne na gaggawa, wato ajiye inda ka tsaya. Ka yi hattara da wani mai sihiri Tarnesh a matakalar Friendly Arm, ya kashe sabbin 'yan wasa ba adadi, ka bari masu gadi su taya ka.

Sharaɗi ɗaya zan kafa maka a matsayina na yayanka, wannan na goman ko ya fito gurgu ne da shi za ka je ƙarshe. In ka kai gadar birni ka rubuto min.

Tambaya: Oga ni kam na kai ƙarshe, ina bakin ƙofar haikalin nan na ƙarƙashin ƙasa, sati biyu kenan Sarevok yana yi min dukan kawo wuƙa, da na shiga sai wuta ta tashi ko'ina mutum uku sun mutu kafin in san me ke faruwa, shi kuma ya taho da gudu sara biyu ya gama da aktana. Anya wannan bos ɗin yana mutuwa kuwa? Daga mai shagon cajin waya, Kano.

Amsa: Yana mutuwa malam, na ga gawarsa da idona. Kuma barka, ka wuce inda mutane da yawa ke zubar da gem ɗin, kabarin ƙarƙashin Candlekeep, gidan littattafan da ka taso a ciki, da halittun nan masu rikiɗa su ɗauki fuskar mutanen da ka taso a hannunsu, da fadar sarakunan birni inda dole ka kare Belt ko Liia Jannath ko da ɗaya ya rayu, da lungunan ɓarayi masu tarko kamar ƙasa. Wanda ya wuce waɗannan ba Sarevok ne zai tsayar da shi ba.

Ni abin da ya sa nake son wannan ƙarshen, in ka cire sulke da sihiri labarin namu ne na gida tsaf, rikicin 'yan uba ne a kan gado. Kai da Sarevok ubanku ɗaya, Bhaal, wanda a tatsuniyar gem ɗin shi ne abin bautar kisa, ya san zai mutu sai ya bar 'ya'ya barkatai uwa daban-daban. Kai Gorion ya ɗauke ka ya rene ka cikin littattafai, shi kuma ya taso a hannun 'yan kasuwar Iron Throne, waɗanda suka lalata ƙarfen Nashkel suka sa 'yan fashi tare ayari, su kuma suna da nasu ramin a ɓoye a Cloakwood suna jira farashi ya hau, wannan salon ɓoye kaya ai ba sai an yi mana bayaninsa ba. Su kuɗi suke nema, shi kuwa yaƙi yake so ya haɗa tsakanin birnin da ƙasar Amn, jini ya kwarara ya hau kujerar uban. Tun daren farko da ya kashe Gorion a gabanka kai yake nema don kada a raba gadon da kai.

Yanzu ga yadda za ka yi. Da farko tunda sebin ɗinka a waje yake, ba dole ka shiga yau ba, ka koma cikin birni ka je shagon Sorcerous Sundries ka zazzage aljihu, kuɗin nan ba inda za su bi ka. Ka sayi kibiyoyi masu karya sihiri da masu fashewa, da maganin kare wuta. Sannan ka buɗe jakar kowa, na rantse zan iya cin caca akwai kwalabe sun fi talatin da kake ta ɓoyo tun garin Beregost na farkon gem kana cewa sai ranar wahala, an jera su kamar kwanukan ɗakin amarya ba a taɓawa. Toh yau ce ranar wahalar. Na ƙarfin ƙato, man sauri, na jarumta, duk a shanye a bakin ƙofa kafin a shiga.

In kun shiga kada ka ruga tsakiya. Wannan zanen ƙoƙon kan da ke ƙasa da kewayensa tarko ne, rabin wutar da kake gani kai kake taka ta da ƙafarka, sauran kuma Angelo ne, yaron Sarevok mai kibiyoyi masu fashewa. Ku tsaya kusa da ƙofa ku ɗan warwatsu kada ku cure wuri ɗaya, ka kira dabbobin sihiri in kana da sandar kiransu ka tura su gaba su sha dukan farko. Semaj mai sihiri zai ɓullo kusa da ku, da ya bayyana kowa ya juya masa baka, ba ya da jini da yawa kuma kibiya tana katse masa karatu. Shi Sarevok ka bari ya zo ya same ku, ka harba masa kibiyar karya sihiri saurin nan nasa ya tafi, mutum ɗaya mai sulke mafi kyau ya tare shi yana shan maganin jini, in jinin ya yi ƙasa ya ja da baya yana zagaye da shi, saura su yi ta ruwan kibiya. Aktanka na kanka kuwa kada ka sa shi a gaba don burga, in wani ya mutu ana iya tashinsa a haikali amma in kai ka mutu shi kenan sai lodin. Kuma ba sai ka kashe Tazok da sauran yaran Sarevok ba, da Sarevok ya faɗi an gama.

In har duk ka yi wannan bai yiwu ba, wataƙila lebul ɗinku ne bai kai ba. Asalin gem ɗin yana tsayar da makin gogewa a 89,000, ƙarin da aka fitar a 1999 mai suna Tales of the Sword Coast ya ɗaga shi zuwa 161,000, kuma sabon bugun nan Enhanced Edition ya haɗo da shi. Ka je hasumiyar Durlag ka yi ko da benayen sama ne, ka dawo da ƙarfinka. Amma ka je da ɓarawo mai ido, wurin nan tarkonsa ya fi na ko'ina.

Ni ranar da na kashe shi wajen ƙarfe biyun dare ne, an ɗauke wuta tun magariba laftof saura kaɗan ta mutu, na rage hasken allo har da kyar nake gane wane ne Minsc wane ne Tazok, kibiyar Imoen ce ta ƙarasa shi ba ma aktana ba, na yi wani ihu sai ga mai gidanmu da tocila yana tambaya ko ɓarawo ne.

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 15 ya samu wannan gem ɗin a wurin kawunsa, na leƙa na ga ana ta sihiri da maganar wasu alloli, hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiyar abin da ke ciki? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika leƙa. Fatawa ta malamai ce, ni abin da zan iya shi ne in faɗa miki abin da ke ciki ba ragi, ki kai wa malamin da kika yarda da shi. Duniyar gem ɗin ƙagaggiya ce, Forgotten Realms ake ce mata, wani mutumin Kanada Ed Greenwood ya ƙago ta, da garuruwanta da dodanninta da abubuwan bautarta duk na tatsuniya ne, ba addinin wasu mutane ne na gaske ba. Sihirin kuma hoto ne ake dannawa wuta ta fito a allo, ba wani abu ake koya wa yaro ya karanta ba. Amma eh akwai haikali, akwai masu bauta, akwai kisa da jini, akwai mashaya, akwai ma wani lungu a birnin na matan banza duk da ba a nuna tsiraici. Wannan shi ne.

Abin da ni na fi ji wa tsoro a kansa lokaci ne. Gem ne mai cin awanni, yaro zai ce bari in gama wannan kogon, kafin ya ɗago la'asar ta wuce. Sa'ar da aka yi ana iya tsayar da shi a yi sebin kusan ko yaushe in ba a tsakiyar faɗa ba, don haka in ya ce miki ba ya tsayuwa, Hajiya wayo ne.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, yana yi a waya? Kuma Turancina ba wani mai ƙarfi ba ne.

Amsa: Yana yi. Kamfanin Beamdog sun sabunta shi a 2012 da sunan Enhanced Edition, ya zo Android a 2014, na kuɗi ne. Sai dai rubutun ƙanana ne sosai, a ƙaramar waya za ka yi ta danna Jaheira kana nufin Khalid, in da babban allo ya fi. Turanci kam akwai shi jibgi, wani ma irin na da ne mai wuya, amma littafin tafiya da ke cikin gem ɗin yana taƙaita maka inda za ka je, ka ajiye ƙamus kusa. In faɗan ne ya dame ka akwai matakin sauƙi da aka ƙara a 2016 wanda mutanenka ba sa mutuwa, labari kawai za ka bi. Masu cewa wannan ba cinyewa ba ne ka ƙyale su, da yawansu ba su wuce Nashkel ba, ka ga mai tambaya ta farko.

Tambaya: Yaya na cinye shi jiya alhamdulillah, amma wallahi wani iri nake ji, kamar na raka baƙo tasha na dawo gida shiru. Bidiyon ƙarshen ma gajere ne ban ƙoshi ba. Yanzu me zan yi? In tafi Baldur's Gate 3 da ake ta zuzutawa? Daga ƙanwarka a Kaduna.

Amsa: Barka ƙanwata, kin fi yayyenki maza biyu na sama. Wannan shirun na san shi, wata huɗu na yi da mutanen nan shida, na san muryar kowa da abin da zai ce in ya gaji, ranar da aka gama na buɗe laftof da dare don sabo na rasa me zan danna. Bidiyon kuma da gangan aka yi shi haka, in kin lura gawar Sarevok ta watse ta gangara wani wuri mai cike da gumaka birjik nasa ya rushe, wato ana gaya miki 'yan uban naki suna da yawa, maganar gado ba ta ƙare ba.

Na ukun kamfanin Larian na Beljiyam ne ya yi shi a 2023, yana da kyau ba musu, amma labarinsa sama da shekara ɗari ne bayan wannan, dokokinsa daban, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi da wuri mai yawa, laftof ɗin makaranta ba za ta ɗauka ba. Ni shawarata ki wuce na biyu kai tsaye, Shadows of Amn na shekarar 2000, don aktarki da kika sha wahala da ita za ki ɗauko ta ki ci gaba da ita da lebul ɗinta. A ganina ya fi na farko nesa ba kusa ba, abokan tafiya suna hira da ke suna faɗa da juna, mugun ciki Jon Irenicus ya fi Sarevok iya magana, birnin Athkatla kuma ko ina kika juya wani ne ke jan rigarki da aiki. Za a ce ki tara zinariya 20,000, kada ki tsorata, kafin ki ankara kin wuce haka. Bayan shi sai Throne of Bhaal na 2001 wanda ya rufe labarin gaba ɗaya. Akwai Siege of Dragonspear na 2016 da aka cusa tsakanin na ɗaya da na biyu, ba laifi, amma ba dole ba ne.

Ki shirya ranki dai, za ki farka a keji an kwashe miki kusan duk kayanki, kuma ba duk abokanki ne suka tsira ba, ba zan faɗi su waye ba.

Sai abu ɗaya, ki duba jakar aktarki a sebin na ƙarshe ko akwai wani wando na zinariya. A benen sama na Friendly Arm akwai wani attajiri da ke ɗaukar ki mai wanki ya miƙo miki wandonsa, wasu suna mayar masa ko su sayar. In kin riƙe shi yana bin ki zuwa na biyu, a can akwai na azurfa, a Throne of Bhaal akwai na tagulla, in kika haɗa ukun wani maƙeri a garin Amkethran zai ƙera miki wani sulken ban dariya da su. Ni na sayar da nawa tun a Beregost don in sayi kibiyoyi, sai bayan shekara biyu na ji labari. In naki yana nan ki sa shi a jakar aktarki ta kanki, ba ta Imoen ba, kafin ki ɗauko ta zuwa na biyu.